Tsohuwar bindigar da aka tsinta a ɗakin marigayi: dukiya ce ko jidali?



A makon jiya na yi muku alkawarin za mu ci gaba da maganar hawan jini ga masu juna biyu. Ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa, saboda wani saƙo da ya shigo mini wanda na ga bai kamata ya jira ba. Wata 'yar'uwa ce ta rubuto, ta kuma roƙe ni kada in faɗi sunanta ko garinsu. Mahaifinsu ya rasu wata uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa da rahama. Da aka zo fitar da kayan ɗakinsa domin rabon gado, sai aka ga wani dogon abu a bayan tsohon akwatin ƙarfe, an naɗe shi da tsumman bargo an cusa a buhu. Ana warwarewa sai ga bindiga, irin ta sojan da.

Tun daga ranar gidan ya rabu uku. Ƙaninta ya ce ya gani a YouTube Turawa na sayen irinta da dubban daloli, don haka a wanke ta, a goge, a nemi mai saye ta Facebook, a zuba kuɗin cikin gado. Babban yayansu ya ce atafau ba za a sayar ba, domin ya ji an ce ita ce kakansu ya dawo da ita daga Yaƙin Bama. Mahaifiyarsu kuwa ta ce a jefa ta a tsohuwar rijiya kowa ya huta. Ita 'yar'uwar tambayarta ɗaya ce: "Anti, don Allah nawa za ta yi?" Ta haɗo da hotuna huɗu.

Wani zai ce ina ruwan ma'aikaciyar jinya da bindiga. Dalili biyu ne. Na farko, ni ma kakana ya je Bama, kuma neman labarinsa ne ya jefa ni cikin karance-karancen makaman wancan zamani, galibi a daren da aiki ya lafa. Na biyu, abin da bindiga ke yi wa jikin ɗan Adam, gabanmu ake kawo shi. Zan amsa mata a nan ne, domin na tabbata ba gidansu kaɗai ke da irin wannan buhu a lungu ba.

Wace irin bindiga ce?

Irin waɗannan muna iya kiransu bindigogi masu sakata. A bayan bututun akwai wani ƙarfe mai mariƙi, kamar sakatar ƙofa. Soja zai ɗaga mariƙin ya ja baya, kwanson harsashin da ya harba ya faɗo. Ya tura gaba, sabon harsashi ya shiga. Ya sauke mariƙin ya kulle, sannan ya ja kunama. Duk harbi ɗaya sai an ja sakata sau ɗaya. Sojojin Furushiya, wani yanki na Jamus ta da, sun fara riƙe irinta tun a 1841. A 1886 Faransa ta fito da Lebel, bindigar soja ta farko mai aiki da albarushi marar hayaƙi, daga nan kowace ƙasa ta shiga rige-rigen ƙera tata. Rasha ta yi Mosin-Nagant a 1891, Italiya ta yi Carcano a wannan shekarar, Ingila ta yi Lee-Enfield a 1895, Jamus ta yi Mauser a 1898, Amurka ta yi Springfield a 1903, Japan kuma ta yi Arisaka. Da su aka gwabza Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma su ne a hannun mafi yawan sojojin na Biyu.

Wadda ke cikin hotunan 'yar'uwarmu Lee-Enfield ce, samfuri na 4, wadda tsofaffin 'yan sanda da sojojinmu ke kira Mak 4. An buga 1943 a gefenta. Tana cin harsashi 10 mai kaurin .303. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Lee-Enfield ce bindigar sojojin Afirka ta Yamma a ƙarƙashin mulkin Ingila, lokacin da Hausa ce harshen bariki a Nijeriya. Runduna ta 81 da ta 82 sun kara da Japan a dazukan Bama a 1944 da 1945, shi ya sa har yau kuke jin barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung da Dodan a Legas. Duka sunaye ne da aka ɗebo daga wancan yaƙi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Faransa ta ɗiba soja kuwa, Lebel da Berthier suka riƙe. Akwai ma samfurin Berthier na 1907 da aka ƙera musamman don sojojin Faransa 'yan Afirka ta Yamma.

Gaskiya ne ana sayensu, amma wace?

Ƙanin nan bai yi ƙarya ba. A Amurka musamman, tara tsofaffin bindigogin soja sha'awa ce mai kasuwa, da kantunanta, da littattafanta, da gidajen gwanjo irin su Rock Island Auction. Dokar tarayyarsu tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, wadda ta shekara 50 kuma tana shiga wani aji da masu tarawa ke saye da lasisi na musamman.

Inda ya yi kuskure shi ne zaton tsufa ne ke kawo kuɗi. An ƙera Mosin-Nagant kusan miliyan 37, Lee-Enfield fiye da miliyan 16, Mauser samfurin 98k na Yaƙin Duniya na Biyu kaɗai fiye da miliyan 14. Abin da ya yi yawa haka ba ya tsada don ya tsufa. Shekara 20 da suka wuce, akwati-akwati ake jibge Mosin-Nagant a kantunan Amurka, kowace ɗaya ƙasa da dala 100. Yau ta tashi zuwa 'yan ɗaruruwa, shi ke nan. Waɗanda ake nunawa a bidiyo ana tafi, ɗaya ce cikin dubu. Ga abubuwa biyar da mai saye ke dubawa kafin ya buɗe baki.

Na farko lamba. Masana'anta kan buga lamba ɗaya a jikin bindiga, a sakata, wani lokaci har a gidan harsashi da ƙota. Idan lambobin sun zo ɗaya, an san ba a yi mata kwashe-kwashe ba tun da ta bar masana'anta. Idan sun saɓa, darajarta ta faɗi. Misali, Rasha ta ƙwace Mauser masu ɗimbin yawa daga hannun Jamus, ta wargaza su, ta sake haɗawa ba tare da kula da wace sakata ce ta wace ba, ta buga wa da yawansu alamar X. Duk sun ga yaƙi, amma kuɗinsu bai kai na wadda lambobinta suka dace ba ko kusa.

Na biyu, kada a ce an gyara ta. Nan ne mutanenmu ke shan mamaki. Mu idan za mu sayar da tsohon abu, sai mu wanke, mu goge, mu shafa fenti. A wurin masu tarawa wannan ɓarna ce. Launin ƙarfen na asali, da tsohon man da ya shiga katakon, da ƙananan tambarin da masu duba makamai suka buga a ƙota, su ake saye. Samfefa ɗaya ta share su har abada. Bayan yaƙi mafarauta a Amurka sun riƙa sayen irin waɗannan da araha, su yanke katakon gaba don ta yi sauƙin ɗauka, su huda ƙarfen su ɗaura madubin hange. Yau jikokinsu na cizon yatsa, domin garin gyaran gira an rasa ido. Dubi kuma Arisaka, wadda Japan ta fuskanci kakanninmu da ita a Bama. A samanta akwai tambarin fure mai ganye 16, alamar Sarkin Japan. Da suka miƙa wuya a 1945, an kankare furen daga mafi yawan bindigogin da aka miƙa. Wadda furenta ke nan lafiya ta fi wadda aka kankare tsada, alhali ƙarfe ɗaya ne, harbi ɗaya ne.

Na uku, cikin bututu. Harsasan wancan zamani suna barin wani irin gishiri a bututu bayan harbi. Idan ba a wanke da ruwa an shafa mai ba, gishirin zai jawo danshi, tsatsa ta cinye zanen da ke murɗa harsashi. Mai saye kan haska fitila ta baya ya leƙa ta gaba. Idan ya ga duhu da ramuka, ya ajiye. To ku ƙiyasta abin da damina 50 za ta yi wa bindigar da ke cikin buhu a ɗakin ƙasa.

Na huɗu, ƙaranci. An ƙera Lee-Enfield a Ingila, da Lithgow ta Ostareliya, da Ishapore ta Indiya, da Long Branch ta Kanada, har da kamfanin Savage na Amurka. Kowace masana'anta da tambarinta, kuma masu tarawa sun san wace shekara ce ta yi ƙaranci a wace masana'anta. Masu dubban daloli su ne irin na gwanayen harbi daga nesa, waɗanda aka zaɓo aka kai wa kamfanin Holland & Holland na Landan ya ɗaura musu madubi, musamman idan madubin na asali da akwatinsu suna nan. Haka Mosin-Nagant da ƙasar Finlan ta sake ƙerawa ta fi ta Rasha daraja. Kuma duk inda kuɗi yake, jabu na nan. Akwai gajeriyar Lee-Enfield, samfuri na 5, da aka yi don yaƙin daji daga 1944 zuwa 1947, kusan guda 250,000. Da ta yi farin jini, 'yan kasuwa suka riƙa yanke dogaye suna sayarwa da sunanta. Maƙeran yankin Khyber, kan iyakar Pakistan da Afganistan, su kuma ƙera Lee-Enfield suke da hannu har da tambari. Akan gane wasu ne idan aka ga tambarin Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta wuce 1901, shekarar da ta rasu.

Na biyar, takarda. A wurin waɗannan mutane, labarin baki ba ya ƙara ko sisi. "Kakana ne ya ƙwato ta a hannun Bajamushe" magana ce kawai, sai an ga shaida. Sojan Amurka da ya dawo gida da bindigar abokin gaba, akan ba shi takardar izini mai sa hannun hafsansa. Bindigar da ke tare da takardarta ta fi 'yar'uwarta marar takarda kuɗi. Ku duba Carcano da aka harbe shugaban Amurka John Kennedy da ita ranar 22 ga Nuwamba, 1963. Ragowar yaƙi ce da aka saya ta gidan waya a kan kusan dala 20. Dubban irinta na nan ba mai waiwayarsu, amma ita tana kulle a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, saboda an tabbatar da abin da aka yi da ita.

Akwai darasi daga nan Afirka ma. A 'yan shekarun nan wani kamfanin Amurka ya sayi tsofaffin bindigogi dubbai daga rumbunan gwamnatin Habasha, cikinsu har da Carcano da Mauser da Lee-Enfield. Da yawansu sun sha wuya, sun yi tsatsa, aka sayar da su a farashin gama-gari. Kuma ciniki ne da aka yi da izinin gwamnatoci, ba a buhu aka fitar da su ba.

To nawa ta 'yar'uwarmu za ta yi?

Na zuba wa hotunan ido sosai. Lambar da ke kan sakata daban, ta jikin bindigar daban. An yanke katakon gaba. An taɓa shafe ta da baƙin fenti irin na ƙofa. Bakin bututun ya yi jawur da tsatsa. Ko a tsakiyar kasuwar Amurka aka ajiye ta, a sahun ƙarshe za ta zauna, irin wadda ake saye don a cire mata sassa. Kuɗin ba zai kai abin da magada za su ɓata zumunci a kansa ba.

Maganar cewa ita ce kaka ya dawo da ita daga Bama, ina neman afuwar babban yaya. Soja ba ya tafiya gida da bindigarsa. Kowace tana da lamba a littafin ma'ajiyar makamai, kuma sai ya mayar da ita kafin a sallame shi. Irin waɗannan sun ci gaba da aiki a hannun 'yan sanda da sojoji shekaru da yawa bayan 1945, har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da bayansa, kuma ta nan ne suka riƙa zurarewa zuwa hannun mafarauta da masu gadi. Shekarar 1943 da ke jikinta shekarar ƙira ce kawai, ba ta faɗi hannun da ya riƙe ta ba.

Abin da doka ta ce a nan gida

Ko da a ce lafiyarta ƙalau, ko da ta kai dala dubu 5, ba za ku iya sayar da ita ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi aji-aji. Bindigar toka irin ta mafarauta, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, Sufeto Janar ne. Bindigogin soja kuwa, dokar ta ambaci masu kaurin .303 ƙarara, ta sa su a ajin haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Hukuncin riƙe su ba izini ɗauri ne mai tsawo, an ambaci shekara 10. Lasisi kuma ba a gadonsa kamar gona. Masu karatunmu na Nijar, Gana, Kamaru da sauran wurare, kowa ya binciki dokar ƙasarsa, amma kada wanda ya ɗauka tsufan bindiga ya fitar da ita daga ƙarƙashin doka.

Ku yi tunani kuma, idan ƙanin nan ya ɗora hotonta a Facebook, wa zai kira shi? Ba Baturen gwanjo ba ne. Ko dai ɗan damfara ne da zai ce a turo kuɗin takardun fitarwa, ko jami'in tsaro ne da ya ɓad da kama, ko kuma, wanda ya fi muni, wanda ke neman ta don aikin da aka ƙera ta dominsa. Harsashin .303 yana kashe mutum daga nisan ɗaruruwan mita, yau kamar 1943. A halin da muke ciki na ɓarayin daji da masu garkuwa da mutane, wa zai so ya tsaya gaban Allah da alhakin cewa bindigar da aka tare hanya da ita daga ɗakin mahaifinsa ta fito? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawarar Hajiya ta rijiya ma ba mafita ba ce. Rijiya na ƙafewa, ana yashe ta, yara na shiga. Ranar da aka tono ta, tambayar da za a yi muku ta fi ta yau wuyar amsawa.

Abin da idona ya gani

Shekarun baya, ina aikin dare a ɗakin agajin gaggawa, aka kawo wani saurayi da bai wuce shekara 19 ba. Ya samu tsohuwar bindigar baffansa da harsashi uku a gwangwani, ya tafi gona da abokansa don su ji ƙararta. Harbin farko ta fashe ta baya. Ya rasa yatsu biyu da idon dama. Har yau ina jin muryar mahaifiyarsa tana cewa ita ta ɗauka bindigar ta mutu tun tuni.

Bindiga ba ta mutuwa. Harsashin da ya shekara 50 a cikinta yana iya tashi. Tsohon harsashi kan yi jinkiri ma: a ja kunama a ji shiru, mutum ya juyo da bakin don ya leƙa, sannan ya tashi. Sakatar da ba ta asali ba kan bar 'yar tazara a bayan harsashi, kwanson ya tsage, wuta da ɓarɓashin ƙarfe su feso fuska. Wasu Lee-Enfield an buga musu haruffan DP, ma'ana an yanke musu hukuncin faretin horo kawai, ba a yarda a harba su ba. Ko a Amurka, masana na gargaɗin kada a harba Springfield ta farko-farko mai lamba ƙasa da 800,000, saboda kuskuren da aka yi wajen gasa ƙarfenta ya sa wasu sun tarwatse a hannun sojoji. Idan waɗanda ke da ma'auni da ƙwararru suna wannan taka-tsantsan, ina ga mu?

Idan tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, ku danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada ku ɗaga kuna leƙawa. Kada a zuba toka, ƙasa ko man birki. Kada a yi ƙoƙarin ciro komai daga ciwon. A wuce asibiti kai tsaye. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba su yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin ne zai sanar da su.

Abin da za ku yi

'Yar'uwa, ga shawarata, kuma ta duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali. Ku ɗauka cike take da harsashi. Kada kowa ya ja sakata, kada a taɓa kunama, kada a ce za a gwada. A bar bakinta yana fuskantar bango mai kauri, a kulle ɗakin, makulli ya zauna a hannun babba ɗaya. Idan akwai harsasai a gefe, kada a jefa su a wuta ko a shara. Hotunan da kuka ɗauka ku ajiye su a matsayin tarihin gida, kada su hau intanet. Sannan babban yaya ya ɗauki mai unguwa, da lauya idan da hali, su je wurin DPO hannu rabbana, ba tare da bindigar ba, su yi bayanin yadda aka same ta a kayan mamaci. Jami'ai su zo su ɗauka da kansu, ku kuma ku karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata. Idan kuna ganin tana da tarihin da ya cancanci a adana, ku faɗa a rubuce. Inda doka ta tanadar wa irinta shi ne gidan tarihi, kamar gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia a jihar Abiya. Malamin da ke raba muku gado kuma ku sanar da shi, don kada wani ya ce an ɓoye masa haƙƙi.

Gadon da ya kamata ku nema

Babban yaya yana da gaskiya a abu ɗaya: bai kamata a manta da kaka ba. Sai dai ba a buhun nan kakan yake ba. Ku koma cikin akwatin ƙarfen da bindigar ke bayansa. Ku nemi littafin sallamarsa daga soja, da lambarsa ta aiki, da takardar fansho, da hoto, da lambobin yabo, waɗanda tsofaffi ke kira minda. Waɗanda suka yi yaƙin Bama an ba su wata mai siffar tauraro mai tsini 6. Galibin irinta ba a rubuta sunan mai ita a jiki ba, don haka takardar ce ke haɗa ta da mutum. Kun ga ke nan ƙa'idar masu tara bindigogi ta dawo: ƙarfe ba takarda, ƙarfe ne kawai.

Wannan ciwon nawa ne. Kakana ya rasu ina 'yar shekara 9. Lambobinsa mu muka yi wasan 'yar tsana da su a tsakar gida har suka ɓace. Littafin sallamarsa gara ta cinye a ƙasan akwati, ba wanda ya buɗe sai da aka zo tashi daga gidan. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne, yana tsaye da gajeren wando da doguwar safa, sai labari biyu da kakata ta riƙe: ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsakun da ke shiga takalmi. Da na tashi neman bataliyarsa, ba ni da lambar da zan fara da ita. Da za a ba ni zaɓi tsakanin Lee-Enfield mai lambobi cif-cif da wannan ɗan littafi da gara ta ci, wallahi littafin zan ɗauka.

Saboda haka idan kun samu takardun, ku ɗauki hotonsu da waya, ku raba wa 'yan'uwa, ku sa na asalin a jakar roba mai tsabta a wuri busasshe. Kada a manne su da injin zafi, kada a goge lambobin da toka ko lemon tsami. Idan akwai tsohuwa a dangi da ta san shi, ku zauna da ita wannan makon, ku kunna rikoda, ku tambaye ta ranar da ya tafi da ranar da ya dawo. Ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku ma wurin tambaya ne. Waɗanda nasu kakan bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da shafin intanet da ake neman suna kyauta, kuma sunayen 'yan Afirka ta Yamma da ba a ga gawarsu ba suna rubuce a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon. Mai son karatu da Turanci ya nemi Burma Boy, ƙagaggen labarin da marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya wallafa a 2007.

Masu karatu, wa ke da kaka ko uba da ya je Bama, ko Habasha, ko ya yi sojan Faransa? Me ya bari a gida, kuma a wane hali yake yanzu? Ku faɗa mana a wurin sharhi da ke ƙasa. Amma don Allah kada wanda ya saka hoton makami, ko ya rubuta cewa akwai shi a gidan wane. Wannan magana ce ta ku da hukuma.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, za mu koma kan hawan jini.